Abin da birkin motata ya koya mini a tsakar gida

Shekara 3 na yi ina koyon gyaran mota a wani garaji da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi kafin in koma tuƙi, saboda haka da birkin tsohuwar Corolla ɗina ya fara laushi ban ga dalilin kai ta wurin kowa ba. Matsalar ta bayyana ne a hanyar Madarumfa, lokacin da amalanken shanu ya ratso titi ba zato, na taka birki, feda ta nutse kusan rabi kafin motar ta fara ji. Allah ya kiyaye, amma tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da yawancinmu muke yi, wato na tafi kasuwa na sayo sababbin takalman birki na gaba, waɗanda a garaji muke kira plaket, tare da faifansu biyu. Na ɗaga motar a tsakar gida, na tokare ta da kututturen icce domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne a kan rairayi, na ɗaura kayan. Motar ta ɗan ƙara kamu, amma feda tana nan yadda take, kamar mutum ya taka soso. A nan na gane cewa plaket suna gyara yadda birki yake cizon faifai ne kawai, ba su da iko sosai a kan abin da ƙafa take ji, domin wannan yana zuwa ne galibi daga man birki da bututu da kuma tazarar da ke tsakanin sassan.

Kawuna, wanda ya daɗe yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Kwatano, shi ne ya zo ya zauna a kujerar direba ba tare da ya tada injin ba. Ya taka feda sau uku a jere, ta taso ta yi tauri, sannan ya danne ta ya riƙe na tsawon lokaci yana kallon ƙafarsa. Ya ce mini, "Ɗana, da babbar silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafu ce ta lalace, da ka ga feda tana sulalewa ƙasa a hankali ko da ban ƙara ƙarfi ba. Ga ta nan ta tsaya. Tun da kuma tana tasowa in an maimaita taku, to ko iska ce a ciki, ko kuwa takalman baya sun yi nisa da tambur, wato gangar ƙarfen da suke matsawa daga ciki." Daga nan ya tada injin ƙafarsa na kan feda, ta ɗan sauka kaɗan, ya ce wannan alama ce na'urar da ke taimaka wa ƙafa da ƙarfin inji lafiyarta ƙalau. Gwajin nan bai ci ko dala ba, kuma da shi ya kamata in fara.

Da muka buɗe tankin man birki, sai muka tarar man ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Man birki yana tsotse danshi daga iska sannu a hankali, ruwan da ya shiga kuma yana rage zafin da man zai iya jurewa. Sabon man birki nau'in da ake kira DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuwa 230, amma idan sun sha ruwa ma'aunin yana sauka zuwa 140 da 155. Mutum ya tuna da zafin watan Afrilu a garin nan, da mota cike da kaya, da taka birki a kai a kai cikin cunkoson kabu-kabu a bakin babbar kasuwa. Idan man ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska, shi ya sa feda take nutsewa. Ana so a sauya man duk bayan shekara 2, ni kuwa ban taɓa sauya shi ba tun da na sayi motar. Ina roƙon ƴan'uwana direbobi su guji man da ake sayarwa a buɗaɗɗiyar kwalba, kuma kada a kuskura a zuba man inji ko na giya a tankin nan, domin yana kumbura robobin ciki har su lalace gaba ɗaya.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ƙanena ya zauna a ciki, ni ina ƙarƙashi da sifana da siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, na cusa bakinsa cikin kwalba mai ɗan mai. Muka fara da ƙafar baya ta dama, wadda ta fi nisa da babbar silinda. Ina cewa "taka, riƙe," yana amsawa "na riƙe, Yaya," sai in kwance ɗan kusan fitar da iska da ke jikin birkin ƙafar, baƙin mai ya fito da ƙananan kumfa suna bin juna, in ɗaure kafin in ce ya saki. Na sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, saboda a tsohuwar silinda akwai wurin da robar ba ta saba isa ba, tsatsar wurin kuma tana iya yage ta. Sau ɗaya na shagala tankin ya ƙafe, iska ta sake shiga, dole muka maimaita aikin daga farko har la'asar ta wuce.

Feda ta yi tauri, amma har yanzu tafiyarta tana da tsawo, sai na tuna da rabin maganar Kawu ta biyu. Na cire tambur na baya, na tarar ƙurar hunturu ta haɗu da garin takalma ta daskare a kan ɗan ƙarfen da ke matso da takalman kusa yayin da suke cinyewa, har ya daina juyawa. Na wanke shi, na shafa masa giris kaɗan, na daidaita takalman har ana jin suna ɗan shafar tambur idan an juya ƙafar da hannu. Na kuma sauya tiyon roba biyu na gaba da suka tsattsage, domin tsohon tiyo yana kumbura idan an taka birki, ya cinye wani ɓangare na ƙarfin, sannan muka sake fitar da iskar da ta shiga wajen sauyin.

Washegari bayan sallar asuba na fita hanyar Tibiri lokacin da titi babu kowa. Na riƙa kai motar kilomita 60 a awa, in rage zuwa 20 ba tare da na tsaya cak ba, na maimaita haka kusan sau 10 domin sababbin plaket su zauna a kan faifai. A dawowa na biya gidan Kawu, ya shiga ya taka feda sau ɗaya, ta tsaya masa tun daga sama, sai ya ce in kai shi Ɗan Isa ranar kasuwa.