Yadda rini mai ƙyalli ya sa na maimaita aikin wata uku a lab

Ranar da na fara leƙa jinin mai maleriya da aka ɗiga wa wani rini mai ƙyalli da ake kira akiridin oranj a maikroskop mai fitilar LED, sai da na ce Allahu Akbar a fili, har Baba, wani ma'aikacin lab ɗinmu da yake wanke silaid a bayana, ya waiwayo. Filin duka baƙi ƙirin kamar daren da babu farin wata, sai ɗigo-ɗigon kore da ruwan lemo suna ta ƙyalli a ciki. Ni da na saba da rinin Gimsa, inda sai ka ƙura ido kana laluben ɗan zoben ƙwayar cutar a cikin jajayen ƙwayoyin jini har idonka ya fara ruwa, yau ga abin da nake nema shi da kansa yake kunna fitila yana cewa ga ni nan. A zuciyata na ce ai aikin digirina na biyu ya gama kansa. Ashe ko farawa ban yi ba.

Aikin dai shi ne in kwatanta rinin Gimsa da akiridin oranj wajen gano ƙwayar maleriya a jini, kuma dabarar ba wata mai wuya ba ce. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum idan sun nuna ba su da cibiya, babu DNA a cikinsu, to rinin bai da abin kamawa, shi ya sa suke zama duhu. Ita kuwa ƙwayar cutar tana da nata. Akiridin oranj in ya kama DNA kore yake bayarwa, wajen nanomita 525 a ma'aunin tsawon zangon haske, in kuma RNA ya kama sai ya koma ja-ja wajen 650. Shi ya sa za ka ga ƙwayar da ɗigon kore a matsayin cibiya, jikinta kuma ruwan lemo. Kai shuɗin haske kake haska wa rinin, shi ya haɗiye ya dawo maka da wani kalar mai ƙarancin ƙarfi, filta ta tare shuɗin ta bar wanda ya dawo kaɗai ya iso idonka. George Stokes ne ya yi bayanin wannan tun 1852, kuma abin da ya ba ni dariya da na karanta, da ruwan kwinin ya yi gwajin nasa, wato maganin zazzaɓin da kakanninmu suka sha ɗacinsa. Maleriya dai ta daɗe a cikin wannan harka.

Matsala ta farko ni na jawo ta da hannuna. Duk sanda na samu fili mai kyau sai in bar fitila a kunne in tafi kiran abokai su zo su gani, wannan ya leƙa wancan ya leƙa, ni kuma ina ta kokawar daidaita waya a bakin maikroskop, kafin in ɗauki hoton abin ya dusashe kamar atamfar da ta sha rana a kan igiya. Na zaci rinin ne jabu, har na fara zagin wanda ya sayar mana a raina. Baba, tsohon ma'aikacin lab ɗin ne, ya fi shekara talatin yana kallon jini, ya tsaya yana kallona kwana biyu bai ce uffan ba, ranar na uku ya miƙo hannu ya kashe fitilar ya ce, "Kai yaro, wannan ba ƙwan ɗakinku ba ne. Duk daƙiƙar da ka bar shi a kunne kana ƙona abin da kake nema." Na ce, "Baba ai in na kashe zai dawo ko?" Ya ce ba ya dawowa.

Kuma gaskiyarsa. Duk lokacin da ƙwayar rinin ta haɗiyi haske tana shiga wani hali na zumuɗi, a wannan halin tana iya haɗuwa da iskar oksijin ta lalace gaba ɗaya, wadda ta lalace kuwa ta tafi kenan. Tun daga nan na koma saita silaid da ɗan haske kaɗan a gefe, sai na shirya tsaf sannan in matsa inda nake so in buɗe fitila in ɗauka in rufe. Kwalbar rinin ma da nake bari a kan benci kusa da taga na naɗe ta da takardar foyil na tura ta firij, duk da firij ɗin namu sai yadda wuta ta ga dama.

Sai hunturu ya shigo. A nan ne abin ya rikice min sosai don ban taɓa kawowa yanayin gari yana da ruwa da abin da ke ƙarƙashin gilashi ba. Yadda nake yi shi ne in jera silaid goma, in ɗiga wa kowanne rini in rufe da siririn gilashi, sannan in bi su ɗaya bayan ɗaya. A watan Oktoba hakan bai ba ni matsala ba. A Disamba da Janairu kuwa kafin in kai na biyar gefen ya bushe, rinin ya taru wuri ɗaya ya yi kauri, komai ya koma ruwan lemo, koren da nake dogara da shi ya ɓace. Na farko-farkon su yi kyau, na ƙarshe su zama shirme, ni kuma ina rubuta sakamako kamar duk abu ɗaya ne. Da na gano, na sayi 'yar na'urar nan mai nuna zafi da laimar iska, irin wadda masu ƙyanƙyasar ƙwai suke amfani da ita, na ajiye kusa da maikroskop. Ranakun da ƙura ta yi yawa laimar tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali da damina a Kano tana haura 70. Da farko na so in riƙa kwafo alƙaluman da hukumar hasashen yanayi ta NiMet take fitarwa kawai, amma wannan na sararin gari ne, ɗakinmu kuwa yau fanka gobe AC jibi babu ko ɗaya, dole sai dai ka auna inda silaid ɗin yake zaune. Na koma yin silaid ɗaya, in karanta, in gama, sannan in haɗa na gaba. Aiki ya ninka amma aƙalla na goma ya zama daidai da na farko.

Ita ƙurar ma da nata. Wasu ɓurɓushin suna ƙyalli da kansu ba tare da wani rini ba. Wata abokiyar karatuna da take aiki da wani rinin mai ƙyalli da ake kira DAPI ta fi ni shan wahala a nan, shi DAPI da hasken UV ake tada shi wajen nanomita 358 ya ba da shuɗi wajen 461, to ashe garin sabulun wanki ana zuba masa sinadarin da ke sa farin kaya haske, kuma shi ma UV yake sha ya fitar da shuɗi, sai ga zaren farar rigar lab ɗinta yana haskawa a silaid fiye da ƙwayoyin da take nema. Mun yi dariya ranar har da hawaye, ita kam ba ta yi ba. DAPI ɗin nan ma asalinsa ba don hoto aka yi shi ba, a 1971 aka haɗa shi a lab ɗin Otto Dann a Jamus ana neman maganin cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, ciwon barci a mutane, sammore a shanu.

Amma inda na sha kunya na gaske a ofishin Malam ne, mai duba aikina. Na kai masa hotuna wajen wata uku ina ta murna, na nuna masa biyu na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga wannan ya fi wannan haske nesa ba kusa ba." Ya kalla ya ce, "Da me ka ɗauka?" Na ce da waya. "Ƙarfe nawa? Minti nawa bayan ka ɗiga rinin? Fitilar a lamba nawa take? Rinin na wace rana ne, pH ɗinsa nawa?" Wallahi ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya ajiye wayar a kan tebur a hankali ya ce to waɗannan hotunan biki ne, a sa a status.

Ya zaunar da ni ya buɗe ImageJ a kwamfutarsa, manhajar kyauta ce, ya ɗora alamar linzami a kan ɗigon da nake taƙama da shi, lamba ta nuna 255. Ya matsa kan na kusa da shi, shi ma 255. Hoton da ke da bit 8 daga 0 zuwa 255 yake ƙirga haske, duk abin da ya wuce nan an yanke masa kai, ba za ka ƙara sanin wanne ya fi wanne ba. Ga shi kyamarar waya ita take zaɓar wa kanta tsawon lokacin buɗe ido, in ta ga duhu ta ƙara in ta ga haske ta rage, wato duk bambancin da nake son aunawa ita tana can tana goge shi don hoto ya yi kyau. Sannan na adana su a JPEG, na kuma tura wa kaina ta WhatsApp don in saukar a laftof, shi kuma ya matse su ya share bayanan da ke maƙale da hoton, har lokacin ɗauka. Sunayen fayil ɗin kuwa duk IMG da lambobi, ban san wanne ne jinin wa ba sai in na tuna da ka.

Wani abu kuma da Baba ya nuna min daga baya, wanda da ya shige cikin sakamakona ba tare da na sani ba. Akwai silaid da na rubuta yana da maleriya saboda na ga ɗigon kore shar a cikin jajayen ƙwayoyi, Baba ya leƙa ya ce in dubo takardar mai jinin. Mai sikila ne. Masu sikila saifarsu takan daina aiki yadda ya kamata, sai ragowar DNA da ake kira Howell-Jolly ta riƙa zama a cikin jajayen ƙwayoyinsu, rinin kuma bai san bambanci ba, DNA dai DNA ne a wurinsa. Abin lura shi ne ita wannan ɗigo ne kawai zagayayye babu jikin ruwan lemo a tare da ita. A garin da sikila take da yawa kamar namu wannan ba ƙaramin tarko ba ne, kuma ban ga wanda ya ja min kunne a kai ba a duk abin da na karanta kafin in fara.

Haka na tattara na wata ukun nan na ajiye gefe, na sake daga farko. Na roƙi aron kyamarar da ake ɗaurawa a kan maikroskop daga wani sashe, na kulle lokacin buɗe idonta a lamba ɗaya ban sake taɓawa ba, ina adanawa a TIFF wanda ba ya rage ingancin hoto kamar JPEG, kowane fayil da lambar samfur da kwanan wata. Na sayi littafi mai kauri na ja layuka: lokacin ɗiga rini, lokacin ɗauka, ƙarfin fitila, ranar da aka haɗa rinin, zafin ɗaki, laima, da ko wutar NEPA ce ko janareta. Kowace safiya kafin in taɓa jinin kowa sai na fara da silaid biyu, ɗaya wanda na tabbatar yana da cutar ɗaya wanda na tabbatar babu, in na farkon bai yi ƙyalli yadda ya saba ba to ranar sabon rini zan haɗa. Sabbin hotunan ba su kai na wayar kyau ba ko kusa, duhu-duhu ne, babu wanda zai ce a tura masa. Da na kai wa Malam a watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan na digiri 40, bai ma fara buɗe hotunan ba, littafin ya ce in miƙo masa.