Rahoton gubar dalma: kowa ya ɗauka wani ya aika

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin yara a Amurka. A da, idan za a auna dalma a jinin yaro, ɗiba muke yi mu tura ɗakin gwaje-gwaje, su ne doka ta ɗora wa aika sakamakon ga hukumar lafiya ta jiha. Ba ruwanmu. Sai aka sayo mana 'yar na'urar da ake tsaga yatsa, cikin 'yan mintuna lamba ta fito. Kowa ya yi murna. Babu wanda ya ce mana tunda a ɗakinmu ake gwajin, rahoton ma ya dawo wuyanmu.

Wani yaro ɗan shekara 2 ne ya tona asirin. Gwajin da Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, ke wajabtawa a wata 12 da wata 24 aka kawo shi, lafiyarsa ƙalau a ido, sai hawa kujeru yake yi. Haka dalma take, tana cin ƙwaƙwalwa ba zazzaɓi ba kuka. Lambarsa ta haura maikirogiram 10 a desilitar jini, alhali tun 2021 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta sauko da lambar da ake fara ɗaukar mataki a kanta daga 5 zuwa 3.5. Likita ya rubuta a ɗebi jinin jijiya a tabbatar, don ƙurar da ta maƙale a yatsa kan ɗaga lamba. Uwar ba ta samu dawowa da wuri ba. Likita ya ɗauka rahoto ya tafi kamar kullum, masu ofis sun ɗauka likita ya aika, takarda kuwa tana kwance a fayil.

Waya na buga wa hukumar ina tambayar yaushe za su je duba gidan. Matar da ta ɗauki wayar ta ce ba su taɓa jin sunan yaron ba. Ta ƙara da cewa a jiharmu kowane sakamako suke so, har wanda ya fito lafiya lau. Na juya na dubi tarin takardun da na'urar ta fitar tun zuwanta, gabana ya faɗi.

Abin da ke min ciwo shi ne, wannan rahoton ne ke tayar da mai binciken gida. In rahoton bai je ba, babu mai zuwa. Gidan hayar da yaron da iyalinsa suke ciki an gina shi kafin 1978, shekarar da aka haramta fentin dalma a gidaje. Tagar irin wadda ake ɗagawa ana saukewa ce, tsohon fenti yana gogewa yana zuba kamar gari a bakinta, daidai inda yaron ke dafawa yana leƙen waje. Ƙanwarsa kuma a ƙasan tagar take rarrafe. Duk makonnin da muka yi muna jiran juna, can suke.

Da na gaya wa uwar za mu sanar da hukuma, sai ta riƙe hannuna. "Sista, 'ya'yana za su ƙwace?" Na ce: "'Yar'uwa, ba ƙararki aka kai ba, gidan za a duba." Dokar HIPAA, mai kare sirrin bayanan marasa lafiya, ta ba mu damar aikawa ko ba izinin iyaye, amma ni dai ba na bari mutum ya fara ji daga bakin baƙo a ƙofar gidansa.

Idan kuna gwaji a ɗakinku, ku tambayi hukumar jiharku da kanku, ku sa sunan mutum ɗaya a kan aikin. Wa'adi ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma lamba in ta yi sama sosai, musamman wajen 45 inda ake maganar maganin janyo dalma daga jini, waya ake bugawa nan take. Kada ku jira gwajin tabbatarwa sai kun ji jiharku ta yarda da haka. Sannan adireshi: ku tambayi uwa inda yaro yake kwana yanzu da inda yake wuni, domin wanda ke fayil sau da yawa na gidan da suka tashi ne.