Keke a tuddan inabi na Faransa: abin da za ka gyara tun kana Kaduna

Mai hawan keke a Kaduna ya saba auna tafiya da kilomita. Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, kuma babu wani hawa na a zo a gani a hanyar, don haka wanda ya iya ta sai ya ɗauka ya gama da kowace hanya. A yankunan inabi na Faransa wannan lissafin yaudara ne. Ana dasa inabi a jikin tudu domin ruwa ya riƙa gangarewa, rana kuma ta same shi sosai, shi ya sa hanyoyin da ke ratsa gonakin gajerun hawa ne masu tsauri, kana sauka daga ɗaya wani na jiran ka. A can ana auna yini da mitocin da aka hau. Idan allo ya nuna 8%, ma'anarsa za ka ɗaga mita 80 a cikin kilomita guda, da kai da keken da kayanka, abin da kan kai kilo 95 ko fiye. A kwanakin farko kada ka wuce kilomita 50 da hawan mita 500 a yini.

Wurin farawa mafi sauƙi shi ne yankin Bourgogne. Jirgin ƙasa mai sauri daga Faris zuwa Dijon bai cika awa 2 ba, daga nan kuma Beaune kusa take. Hanyar keke da ake kira Voie des Vignes ta tashi daga Beaune ta bi ta Pommard, Volnay, Meursault da Puligny-Montrachet har Santenay, kimanin kilomita 22, kuma hawanta da dama-dama. Gonakin nan UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Amma da zarar ka karkata yamma zuwa tuddan Hautes-Côtes, labari ya canza, nan ne ƙafa ke sanin ta zo baƙunta. Alsace kuwa hanyar inabinta kilomita 170 ce, daga Marlenheim zuwa Thann, a gindin duwatsun Vosges. Wanda ya yi sha'awar ganin fadar Haut-Koenigsbourg, wadda ke sama da mita 750, ya shirya hawan kusan mita 500 a jere. Beaujolais, arewa da Lyon, a bar ta sai tafiya ta biyu.

Abu na farko da za ka kai wa mai gyara shi ne giyar keken. Ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba, sannan ka ƙirga na babban faifan baya. Idan na gaba 34 ne, na baya ma 34, kowane zagayen feda zagayen taya ɗaya ne, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi idan ba ka ɗauke da kaya. Mai jakunkuna a kariya yana buƙatar abin da ya fi haka laushi: 24 ko 26 a gaba, 34 ko 36 a baya. Yawancin kekunan tsere na hannu da ke shigo mana suna zuwa da 39 a gaba da 25 a baya. A titin Kaduna ba ka jin komai, amma a hawan 10% ƙafarka za ta koma juyi 40 a minti maimakon 70 zuwa 80, nauyin duka ya sauka a gwiwa, kwana na uku ka kasa taka matakala. Kafin a saka babban faifan baya a duba ko na'urar canza giyar mai dogon hannu ce, domin mai gajeren hannu ba ta ɗaukar haƙora 34. Sarƙa ma sai an ƙara mata tsawo. Idan tsohuwa ce a canza ta gaba ɗaya, don sarƙar da ta miƙe tsalle take yi a kan sabbin haƙora, kuma daidai lokacin da ka danna feda da ƙarfi take yin sa. Canza giya tun kafin hawan ya kama ka, kana sassauta ƙafa. Canzawa kana tsaye a kan feda shi ke tsinke sarƙa.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma ita mutanenmu suka fi rainawa. Wanda ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa yana dafa wilinsa ne: robar birki ta yi santsi ta daina kamawa, iskar cikin tif ta kumbura, wani lokacin tayar ta fashe. Mai birkin faifai ma bai tsira ba, zafi na kashe masa kamu. Abin yi shi ne ka matse da ƙarfi na daƙiƙa 2 ko 3, ka saki ya sha iska, ka sake matsewa, kuma ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana. Birkin gaba shi ke yin yawancin aikin, sai dai ka ja jikinka baya a kan sirdi. Ga wani abu da ke kayar da mutane a ranar farko: kekunan da suka fito daga Ingila da Japan birkin gabansu a hannun dama yake, na Faransa kuwa a hagu. Idan haya za ka yi a Beaune ko Colmar da ke Alsace, matsa kowane hannu ka ga wace taya ta tsaya tun kana ƙofar shagon.

Taya mai faɗin milimita 32 zuwa 38 ta fi dacewa, saboda wasu hanyoyin gona tsakuwa ce. Duba lambar girman wili da ke jikinta: 622 ana samunta ko'ina a can, amma 635 ta tsohon Raleigh sai an wahala. Ɗauki tif 2, faci, famfon da ya dace da bawul ɗinka, mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyarka, da robar birki ta ajiya. Idan da kekenka za ka tafi, a kwali za a sa shi bayan an cire feda, kuma fedar hagu juyinta a baibai yake, ana kwance ta ta ɓangaren da ake ɗaure sauran. Cire na'urar giyar baya ka naɗe ta da tsumma, domin ɗan ƙarfen da ke riƙe ta shi ne farkon abin da ke lanƙwashewa a jirgi.

Atisaye kuwa, tunda garinmu ba shi da dogon hawa, nemi gangaren da ya fi tsauri a unguwannin bakin kogin Kaduna, ka ɗora kilo 10 a kariya, ka hau ka sauka sau 8 zuwa 10, sau 2 a mako, na tsawon wata 2.

Mayu, Yuni da farkon Satumba sun fi daɗi. Lokacin girbin inabi, daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, taraktoci kan cika ƙananan hanyoyi, su bar laka mai santsi a kwana, masauki kuma ya yi wuya. Hannun dama ake bi kamar nan gida, sai dai a mahaɗar da ba ta da alama wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya. Doka ta hana sa abin sauraro a kunne a kan keke, ta wajabta fitila da ƙararrawa, da riga mai ƙyalli idan dare ya yi maka a wajen gari. Lambar gaggawa 112 ce.

Shagunan ƙauye kan rufe daga 12 da rabi zuwa wajen 2 ko 3, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin, don haka sayi burodi, cuku da ayaba tun da safe. Maƙabartun ƙauye galibi suna da famfo, amma idan ka ga an rubuta eau non potable, ba na sha ba ne. Musulmi ya kula da kalmomin jambon da lardons, naman alade ne, sannan boeuf bourguignon da coq au vin da barasa ake dafa su. Ruwan inabin da bai zama barasa ba sunansa jus de raisin, kuma gonaki da yawa na sayar da shi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9 da rabi zuwa 10 na dare, asuba kuma ta yi sammako ƙwarai, saboda haka barcin dare gajere ne. Tashi da sassafe ka gama manyan hawa kafin azahar, ka bar awa ɗaya ta ƙailula a cikin tsarin kowane yini.