Ƙarfe ko roba? Yadda muka ƙare da maganar haƙoran 'yata

Wata bakwai kenan da aka sa wa babbar 'yata ƙarfen gyaran jeren haƙori, kuma tun daga lokacin ban san adadin iyaye matan da suka tare ni da tambaya iri ɗaya ba, wai me ya sa ba mu sa mata robar nan da ake kifawa a kan haƙora wadda ba a gani ba tunda ita ake yayi yanzu. Amsar ba ta tsaye ba ce, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, ko wata da ke cikin irin ruɗanin da na shiga za ta samu abin kamawa.

Shekararta 14. Fiƙarta ta sama ta ɓangaren dama ba ta samu waje ba, sai ta ɓullo can sama cikin dasashi, ta zauna a saman 'yan'uwanta kuma a ɗan juye, na ƙasa na gaba su ma sun hau kan juna. Ni ban ɗauki abin da zafi ba sai da na lura ta daina dariya da baki buɗe, da abin dariya ya zo sai hannu ya riga dariyar zuwa baki, hoto kuwa ko na gida ne leɓe a rufe gam. Wallahi abin ya tsaya min a rai, yarinyar da da in tana ƙyalƙyala dariya har maƙwabta sai sun ji.

Ita tun kafin mu je wajen likita ta gama yanke hukuncinta. Roba take so, ta gani a waya, ta ga masu sawa suna murmushi ba ka ganin komai. Tace "Umma don Allah kar a sa min ƙarfe, 'yan ajinmu ba za su bar ni in sha ruwa ba." Ni ma a raina robar nake so mata, wace uwa ce za ta so a ƙara wa 'yarta abin tsokana a kan wanda take fama da shi?

Likitan ƙwararriya ce a gyaran jeren haƙora, ba wankewa da cirewa kaɗai ba, kuma wannan bambancin yana da muhimmanci. Bayan an ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙi an zagaya bakin da wata 'yar kyamara, sai ta juyo mana da kwamfuta ta fara da abin da ban taɓa sani ba. Ashe haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba, akwai wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da saiwarsa, in aka matsa masa a hankali kuma aka daɗe ana matsawa, ƙashin da ke gefen da ake turawa sai ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, ta bayan kuma jiki ya riƙa gina sabo yana cike gurbin. Haka haƙori ke tafiya, da ƙarfen da robar duk dabara ɗaya ce. Amma sharaɗin shi ne matsin kar ya yanke. In ka saki na wasu awoyi, haƙorin zai fara neman hanyar komawa inda ya fito.

To a nan duk maganar take.

Ƙarfe manne shi ake yi. Kowane haƙori a liƙa masa ɗan ƙaramin ƙarfe, a zura waya ta bi ta cikinsu. Wayar farko ta haɗin nikel da titaniyom ce, wadda asalinta daga binciken sojan ruwan Amurka ta fito kafin likitocin haƙori su fara amfani da ita a shekarun 1970, kuma abin da ya sa ake ji da ita shi ne duk yadda aka lanƙwasa ta sai ta nemi komawa siffarta ta asali, tana komawa tana jan haƙoran. Yarinya tana barci yana aiki, tana aji yana aiki, tana fushi da ke yana aiki, ba ruwansa da ko ta tuna ko ta manta.

Roba kuwa jeri ake bugo miki daga kwamfuta, kowace ɗaya tana matsar da haƙori kamar rubu'in milimita, a sa ta sati ɗaya ko biyu a wuce ta gaba. Sai an sa ta awa 20 zuwa 22 kullum. Da likita ta faɗi haka na ce to ai ba komai, sai da na dawo gida na zauna na yi lissafin sannan jikina ya yi sanyi. Awa biyu zuwa huɗu ke nan suka rage a yini, a ciki za a karya, a ci na rana, a ci na dare, kuma duk lokacin da aka ci sai an goge baki kafin a mayar, in ba haka ba kin rufe guntun abinci da sukari a jikin haƙori kin hana miyau wanke shi. Tana bakin ba a shan komai sai ruwa, abu mai zafi yana iya lanƙwasa ta, mai kala ya rina ta, mai zaƙi ya shige ƙarƙashinta ya kwanta. Yanzu ki ɗauki wannan ki kai shi makaranta lokacin tara, ƙawaye sun buɗe abin ci ana miƙo mata, sai ta sa yatsa ta ɓanɓaro roba daga baki da miyau a gaban mutane, ta nemi inda za ta ajiye, ta ci, ta nemi famfo ta goge baki, ta mayar. Kullum fa, shekara ɗaya da rabi ko biyu. Likitar tace yawancin waɗanda ke ɓacewa a tishu ake naɗe su a ajiye gefen faranti, mai kwashe kwanuka ya haɗa da su sai bola.

Kamfanin da ya fi suna a harkar, masu Invisalign, a Amurka aka kafa shi a 1997, kuma da suka fito da na matasa a 2008 sai suka sa wani ɗan shuɗin ɗigo a jikin robar can wajen turame, wanda ke kodewa gwargwadon yadda aka sa ta, don likita da iyaye su gane ko ana sawa. Ni wannan ɗigon kaɗai ya ishe ni bayani, su da suka ƙera abin sun san inda gizo ke saƙar.

Wani abin da ba a nunawa a talla, robar ba ta ɓacewa ɗungurungum. Yawanci sai an ɗiga wasu 'yan ƙulla-ƙulla masu kalar haƙori a jikin wasu haƙoran don robar ta samu abin kamawa, wanda ya matso kusa zai gan su. Kwanakin farko kuma harshe kan ɗan yi tsamin baki kafin ya saba.

Kar a ce na tsani roba, ko kaɗan. Ɗan wata ƙawata ya yi ta ya gama lafiya lau, haƙora sun jeru tsaf, amma shi yaro ne da ko cajar wayarsa ya san inda take ko da tsakar dare, kuma matsalarsa 'yar cunkushewa ce mara yawa. Ga irinsa roba ta fi ƙarfe nesa ba kusa ba, yana cin abin da ya ga dama, yana goge baki yadda ya saba, ba wayar da za ta soke shi a kumatu, in yana ƙwallo aka buge shi a baki ba ƙarfen da zai yaga masa leɓe. Kuma ta wajen tsafta roba ce a gaba, wannan ba gardama. Babban haɗarin ƙarfe shi ne yaron da ba ya goge baki da kyau, datti ya taru kewaye da ƙarafan, ranar da aka cire sai a ga fararen tabo zagaye da inda kowane ƙarfe ya zauna, farkon ruɓewa ke nan, kuma ba lallai su tafi ba. Don haka wanda ke ganin ƙarfe hutu ne ga malalacin yaro, shi ma bai gane ba.

Sai na tambayi likita kai tsaye, nace "Likita, in 'yarki ce wanne za ki sa mata?" Tace "Hajiya, duka biyun za su iya, amma ba daidai ba." Ta nuna min fiƙar a hoto, tace roba ta iya tura haƙori gaba ko baya ko gefe, inda take shan wuya shi ne jawo haƙori ƙasa daga sama, da juya haƙori mai siffar kewaye irin fiƙa don ba ta samun inda za ta riƙe shi sosai, da kuma matsar da saiwa gaba ɗaya ba kan haƙorin kaɗai ba. Fiƙar 'yata kuwa biyun farko duk tana buƙata. Da roba za a iya, amma akwai yiwuwar a kai ƙarshen jerin a ga bai kai ba, a sake awo a sake bugo wasu, wani lokacin ma a ƙarasa da ƙarfen da aka guda. Ban ji tana tura mu wani ɓangare ba, ta dai shimfiɗa mana komai tace mu je mu yi shawara.

A mota 'yata ba ta ce uffan ba, ta juya fuska wajen taga. Na san in na ce ƙarfe za a sa, za a sa ɗin, amma shekara biyu za ta yi tana ganin an yi mata dole, kuma bakinta ne ba nawa ba. Sai nace mata mu gwada sati biyu kamar robar tana bakin. Ba cin komai tsakanin abinci, ba shan komai sai ruwa, duk abin da ta ci ta goge baki nan take ko a makaranta ne, na saya mata ƙaramin buroshi da man goge baki na jaka. Nace in ta riƙe, ni da kaina zan koma in ce roba muke so, kuma har ga Allah da gaske nake.

Kwana huɗu ta yi ba kuskure. Rana ta biyar na ga buroshin a kan wajen wanke hannu bayan ta tafi makaranta, ban ce komai ba, na mayar mata cikin jaka. Ta takwas na sake ganinsa. Daren ranar ina ninke kaya ta shigo ta zauna bakin gado tana wasa da gefen zanin gadon, can tace "Umma, ni fa ina mantawa. In an sa min robar ɓata kuɗinku kawai zan yi." Na ajiye kayan na rungume ta, don ba ƙaramin abu ba ne yarinya mai shekara 14 ta faɗi gaskiyar da ta san za ta raba ta da abin da take so.

Satin farko da ƙarfen ya yi wuya, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ba ta iya tauna komai sai abu mai laushi, cikin kumatunta ya saɓule wuri biyu, kakin da aka ba mu na liƙawa a kan ƙarfen shi ya cece mu. Na tuna dare na biyu ina riƙe mata fitilar waya a gaban madubi tana murza ɗan kakin tsakanin yatsu tana neman ƙarfen da ke cizonta, idonta taf da hawaye, ni kuma ina ta tambayar kaina ko mun yi daidai. Zuwa kwana goma ta saba. Cingam da alawa mai danƙo da tauna ƙanƙara duk an yi sallama da su, sau ɗaya ƙarfe ɗaya ya ɓalle muka koma aka manna. Goge baki yanzu ya zama aiki, da wani ɗan siririn buroshi mai kamar na wanke kwalba da take zurawa ƙarƙashin waya, kuma nan kam ina sa ido, duk dare sai na duba. Tsokanar da take tsoro ba ta kai yadda ta zata ba, kwana biyu aka yi ana magana aka wuce wajen, ashe ma akwai wasu biyu masu shi a makarantar.

Abu ɗaya da zan roƙi kowa, kar a sayi robar nan ta intanet a aiko gida ba tare da likita ya duba bakin yaro ido da ido ya ɗauki hoton ƙashi ba. Bakin matashi bai gama zama ba, turame na biyu sai wajen shekara 12 zuwa 13 suke fitowa, muƙamuƙi yana kan girma, wani haƙorin ma yana kwance cikin ƙashi ba a gani sai a hoto. Wani babban kamfanin Amurka mai irin wannan aike, SmileDirectClub, ya rufe a Disambar 2023 ya bar mutane a tsakiyar gyara ba mai duba su. Kuma ko wanne aka zaɓa a tambaya tun farko me ke cikin yarjejeniyar, in roba ta ɓace wa zai biya, in ƙarfe ya ɓalle fa, sannan ritena, wato abin da ake sawa bayan an gama don kar haƙoran su koma. Ita ritena ba mai tsallake ta, ko ƙarfe ka yi ko roba, wasu siririyar waya ake manna musu ta bayan haƙoran gaba, wasu ta cirewa suke sawa da dare shekara da shekaru.

Duk sati shida muke komawa a canza waya ko a ƙara ɗaure ta, ita ke zaɓar kalar 'yan robobin da ke riƙe wayar, wancan karon shuɗi wannan karon ruwan toka. Fiƙar ta sauko fiye da rabi, har ta fara shiga layi. Likita tace zuwa na gaba za a fara sa mata 'yan ƙananan robobi masu ja daga sama zuwa ƙasa don cizon ya daidaita, waɗannan kuma ita za ta riƙa sawa tana cirewa da hannunta, ba mai yi mata. Na riga na sayo 'yar ƙaramar jaka mai zif da za ta riƙa zuba su, mun ɗaura ta a jikin zif ɗin jakar makarantarta ta ciki inda ba za ta buɗe ba tare da ta gan ta ba.