Wasiƙa daga Yawunde: Maran Kurmi da Sheƙarsa Mai Dogon Wuya

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Muna gaishe ku daga Yawunde, da fatan damina ta yi albarka.

Kowa ya san marai, mai cika bishiyar bakin kasuwa da surutu, ya sauka gonar gero ya yi ɓarna. To a kurmin kudancin Kamaru akwai danginsa da masana ke kira malimbe. Iri goma ne, duk a dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Yawancinsu baƙi ne wuluk, da ja a kai ko a ƙirji. Bai damu da hatsi ba. Fara, tsutsa da gizo-gizo yake tsinta a cikin ganye, yana bin ayarin wasu tsuntsaye, bibbiyu ko 'yan kaɗan. Manomi ba shi da ƙorafi a kansa.

Saƙar ce abin kallo, musamman ta wanda ake kira malimben Cassin, na kurmin Kamaru, Gabon da Kwango. Yakan zaɓi ƙarshen reshen kwagiri mai ƙaya ko wani dangin kwakwa, inda reshen ya yi sirantar da ba zai ɗauki biri ba. Sai ya kama gefen ɗanyen ganye da baki, ya tashi da shi, zare ya tsage siriri. Da farko yana danne zaren da ƙafa ya ƙulla a reshe. Daga nan ya yi zobe, a kan zoben yake tsayawa ya saƙa ɗakin ƙwai, sannan ya sako wuya ƙasa, wanda kan kai kusan mita 1. Saƙar wuyan sakwa-sakwa ce kamar raga, ana hango tsuntsu yana hawa ta ciki. Ba shi kaɗai ke aikin ba, sau da yawa 'yan'uwa na taya shi. Ƙwai kuwa yawanci 2 ne.

Dole zaren ya zama ɗanye. In ya bushe kafin a ƙulla, karyewa yake yi, shi ya sa ba ya tara zare ya ajiye. Wahalar wuyan nan kuma ba ado ba ce: maciji sai ya bi ƙofar da ke kallon ƙasa tana lilo, haka shahon nan mai dogayen ƙafafu da ke rataya a jikin sheƙa yana lalube. Wani lokaci su yi nasara, amma da kyar.

Malimbe mai shuɗin baki dabararsa daban. Wuyan sheƙarsa gajere ne, sai dai a saman rafi ko fadama yake rataye ta, kuma wani bincike a Gana ya nuna yana son kusa da ramin ƙaramin kadan kurmi. Mai son ƙwai sai ya fara shawara da kada.

Abin da ke cin malimbe shi ne gatari. Masu kujerun kwagiri na sare kurangar, masu katako da gonakin koko na buɗe kurmi, marai na gari ya shigo, na kurmi ya ja baya. A gandun dajin Korup da na Dja a nan Kamaru har yanzu ana ganinsu. Ku ma kuna da naku: malimben Ibadan, wanda John Elgood ya bayyana wa masana a 1958, babu shi a ko'ina sai kudu maso yammacin Najeriya, yana kuma cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu. Mai zuwa Ibadan ya riƙa ɗaga kai a guntayen kurmin da suka rage.

A gaida mutanen gida. Wassalam.