Alhamdulillah mun sauka Whitehorse lafiya, ga godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah mun iso Whitehorse lafiya lau, ni da Maman yara da yaran duka. Tunda muka sauka waya ba ta huta ba, kowa sai "kun isa? kun isa?", to mun isa, kuma na ga gara in zauna in rubuta godiyata a wuri ɗaya don wallahi alherin da aka yi mana a tafiyar nan ya fi ƙarfin in bi mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, aiki ne ya taso da mu daga Edmonton zuwa Whitehorse, babban birnin yankin Yukon, can arewa maso yammacin Kanada maƙwabtan Alaska, tafiyar kusan kilomita 2,000 a mota da kayanmu a baya. Daga garin Dawson Creek ake hawa babbar hanyar Alaska, wadda sojojin Amurka suka fasa cikin daji a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu, cikin wata takwas kacal, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na sojojin baƙar fata ne. Duk inda muka ratsa wani dutse ko fadama sai na tuna da su, na ce kai, mutanen nan sun sha wuya.

Godiya ta farko ga Allah da ya tsare mu. Sai Hajiyarmu a Zariya, wadda aka ce min ba ta runtsa ba duk lokacin da wayarmu ta daina shiga, tana kan sallaya da carbi. Hajiya Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya bar mana ke.

'Yan uwanmu Hausawan Edmonton, ban san da wane baki zan gode muku ba. Matanku sun cika mana kula da dambun nama da cincin da soyayyen kaza, kuma sai a hanya muka san darajar abin, don akwai wuraren da za ka yi tafiyar awa biyu uku ba ka ga ko shagon ruwa ba balle abincin halal. Yayanmu bakanike da ya kwana ƙarƙashin motar yana duba birki da juye, ya kuma matsa sai na sayi jarkar fetur da bargo da gwangwanin feshin barkonon da ake korar beyar (wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari) da shi, Yaya Allah ya biya ka. Malam kuma da ya zaunar da ni ya warware min hukuncin kasaru da haɗa salloli, na gode ƙwarai, don a watan Yuni a nan rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, ka ga gari tas kamar la'asar alhali yara sun daɗe da yin barci.

Amma waɗanda suka sa na ɗauki waya nake wannan rubutu su ne mutanen da ko sunansu ban riƙe ba.

Mun bar Fort Nelson da safe rana ƙwal, yara da ƙananan riguna har ana cewa a kunna esi. Ko da muka fara hawan duwatsu sai hazo ya rufe, ba ka ganin abin da ke gabanka sai fitilar motar da kake bi, can sai ruwa, can kuma sai ƙanƙara 'yan ƙanana suna buga gilashi ƙas ƙas ƙas, kafin mu kai Summit Lake, wurin da ya fi ko'ina tudu a hanyar, mita 1,295, dusar ƙanƙara ce take zuba sosai, a watan Yuni fa. Muna gangarowa ta wani wuri da ake gyaran titi an zuba tsakuwa sai na ji motar tana ja gefe ɗaya, tayar baya ta fashe. Na samu na tsaya a gefe, na fito da jak da safaya, noti huɗu suka kwance, na biyar ya ce bai san zancen ba. Ba netwok ko ɗigo. Hannuna ya ƙage don sanyi har ba na jin sifana a tafina, ƙaramar 'yata ta fara kuka, kuma bai fi minti goma ba da muka wuce wani baƙin beyar yana kiwo a bakin titi hankalinsa kwance.

Motar farko da ta zo ta tsaya. Wasu tsofaffi ne mata da miji a irin motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, matar ba ta tambaye mu ko daga ina muke ba, ta buɗe ƙofa ta yafito Maman yara da hannu, ta shigar da su ciki ta kunna hita ta haɗa musu shayi, ta cire hular ulu daga kanta ta sa wa 'yata. Mijin ya tsaya kusa da ni da gwangwanin barkonon a hannu yana kallon daji yana ta magana da ƙarfi, ashe da gangan yake yi, wai beyar in ya ji muryar mutane kauce wa yake. Sai ga wani direban tirela, shi ma ya taka birki, ya sauko da wani dogon ƙarfe ya zura a sifanar ya hau kai da ƙafa, notin ya yi ƙara ya saki. Ya durƙusa cikin taɓo da ƙanƙara ya ɗaura safayar da kansa, gwiwar wandonsa sharkaf. Na ciro kuɗi, ya girgiza kai ya ce a hanyar nan ba a wuce motar da ta tsaya. Kuma ya bi bayanmu a hankali da fitilunsa a kunne har Toad River inda aka yi mana facin tayar. Bayin Allah, ban san ko wannan saƙo zai taɓa isa gare ku ba, amma kuna cikin addu'ata, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya tsare ku a duk hanyar da kuka hau.

Haka wani dattijo ɗan ƙabilar Kaska, 'yan asalin wurin, da muka haɗu a gidan mai. Ya ga yara a mota sai ya matso ya ce kar in kuskura in yi tuƙin dare tsakanin kogin Liard da Watson Lake, saboda ɓaunan daji suna kwanciya a kan kwalta, ga su baƙaƙe, ba ka ganinsu sai ka zo dab. Muka kwana muka tashi da safe, kuma wallahi muka same su garke guda sun tare hanya da 'yan maruƙansu jajaye, wani babban namiji ya zo ya wuce ta jikin ƙofata ina jin hucinsa, tururi na fita daga hancinsa, irinsu kan kai kilo 900. Da dare ne da Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Baba na gode.

Ba wahala kaɗai muka gani ba fa. Tafkin Muncho ruwansa kore shar, ga tumakin dutse sun sauko tsakiyar titi suna lasar gishiri kamar yadda shanunmu ke lasar kanwa, ko hon ka yi ba su ɗago kai. A Watson Lake akwai wani fili da matafiya ke kafa allunan garuruwansu, wani soja mai kewar gida ne ya fara a 1942, yanzu alluna sun haura 80,000. Yara suka rubuta ZARIYA a wani katako, wata mata da ke wurin ta ara mana guduma da ƙusa, ita ma mun gode.

Maman yara, ke kam sai dai Allah ya biya ki. Ke ce idona a hanya, kina cewa rage gudu ga wani abu can a gefe tun ban hango ba, kina rarrashin yara kina karanto addu'o'i, kuma ko sau ɗaya ba ki nuna min tsoronki ba sai da muka sauka na ga kina share hawaye.

Sai 'yan uwa Musulmin Whitehorse, garin da mutanensa ba su kai dubu 30 ba a ƙidayar 2021 amma yana da masallacinsa tun 2018. Ranar Juma'ar farko bayan an sallame suka kewaye ni da gaisuwa, kafin magariba an kawo mana katifa da tukwane da abinci mai zafi, wani ma ya ɗauke ni a motarsa ya nuna min makarantar yara. Allah ya bar zumunci.

Duk wanda hanya ta biyo da shi ta nan cikinku, akwai ɗaki akwai tuwo, ku dai taho mana da kuka da daddawa.