Yinin gyaran zaman lasifika a ƙaramin ɗaki

Asabar. Yau na keɓe yinin gaba ɗaya domin gyara ɗakin da nake haɗa sauti a cikinsa, saboda duk aikin da ya fito daga nan, idan aka saurare shi a mota ko a wani ɗakin, sai a ji bes, wato sauti mai kauri, ya yi yawa har yana danne murya. Tsawon ɗakin mita 4 ne, faɗinsa mita 3, bangayensa kuwa siminti ne tsurarsa, wanda ke mayar da kusan duk sautin da ya dake shi.

Kafin in taɓa komai sai da na ɗauki biro da takarda. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya a cikin iska, kuma idan aka raba wannan adadi da ninkin nisan da ke tsakanin bango biyu masu kallon juna, za a sami sautin da zai riƙa kai da kawowa a tsakaninsu yana taruwa a wani wuri yana ɓacewa a wani. A tsawon ɗakina lissafin ya ba da kusan Hz 43 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), a faɗinsa kuma kusan Hz 57. Irin wannan sauti mai kauri yana taruwa ne a jikin bango da kusurwoyi, a tsakiyar ɗaki kuwa sai ya yi kamar babu shi. Kujerata a tsakiyar take, don haka kunnena ba ya jin bes ɗin da ke cikin aikin, hannuna kuma sai ya yi ta ƙara shi. Na saki sautin Hz 43 shi kaɗai na zagaya ɗakin a hankali, na ji yana kumbura a kusurwa yana dushewa a tsakiya, alhali lasifikar ba ta sauya komai ba.

Sai na juya teburin ya fuskanci gajeren bango, na daidaita shi ta yadda nisan hagu da na dama daga bangon gefe suka zo ɗaya. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke farawa da ita, wato mai sauraro ya zauna a wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗaki daga bangon gaba, wanda a nan ya kama kusan mita 1.5. Mafari ne kawai, kunne da awo su ke yanke hukunci. Lasifikun biyu da kaina muka zama kusurwa uku masu tazara ɗaya, kowace ta ɗan karkato tana kallon kunnena, ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti kuma ta zo daidai tsayin kunne.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne tazarar lasifika da bangon da ke bayanta. Bes yana bazuwa ta ko'ina, har ta baya, sai ya daki bango ya dawo ya haɗu da wanda ke fita gaba, su kashe juna a sautin da rubu'in tsawon igiyarsa ya yi daidai da wannan tazarar. Idan fuskar lasifika tana mita 1 daga bango, ramin, wato inda sautin ke ɓacewa, yana faɗawa wajen Hz 86, a tsakiyar bes ke nan. Da na matsar da su har tazarar ta koma santimita 30, sai ramin ya hau zuwa wajen Hz 285, inda abin tsotse sauti zai iya maganinsa. Kusanci da bango yana ƙara kaurin sauti, amma lasifikun suna da makunnin rage bes a bayansu saboda haka. Na auna da makirufo da manhajar awon sautin ɗaki mai suna REW, zanen ya nuna ramin Hz 86 ɗin ya cike sosai, ban kuwa manna komai a bango ba tukuna.

Bayan la'asar na koma kan bangayen gefe. Na zauna a kujera, ƙanena yana jan madubi a jikin bango, duk inda na hango lasifika a cikinsa muka yi alama, domin nan ne sauti ke fara karo ya dawo kunne. A wuraren nan na rataye alluna masu kaurin santimita 10 cike da audugar dutse, wato zare mai kama da auduga da ake yi daga narkakken dutse, an lulluɓe su da yadin da iska ke ratsawa, na bar ɗan fili tsakaninsu da bango don su kai ga sauti mafi kauri. Siririn soson nan da ake yayi ban ga amfaninsa a nan ba, domin mai santimita 5 ba ya tasiri sosai a kan bes, ya shanye siririn sauti ya bar ɗaki yana gurnani. Kwalin ƙwai kuwa bai ma kai soson ba. Kuma duk waɗannan ba su hana sauti fita zuwa maƙwabta, wannan aikin bango mai nauyi ne da toshe kafofin ƙofa da taga.

Da na tafa hannu da daddare, ƙarar nan mai karkarwa da ke bin tafi ta ragu ƙwarai, murya kuma ta tsaya cak a tsakanin lasifikun. Hz 57 na faɗin ɗakin yana nan da ƙarfinsa, don haka gobe sai kusurwoyin gaba, inda zan cika audugar dutse daga ƙasa har silin, sannan in rataya allo ɗaya a saman kujera.